Wutar sabis ta kama: ka goge da hannunka, ka sayi sikana, ko ka kai wa bakanike?

Ranar da na fara yi wa motata juye da hannuna, na sauke tsohon mai, na ɗaure sabuwar filta, na zuba sabon baƙin mai, na zaro ma'auni na ga ya tsaya daidai kan layi, ina ta jin kaina kamar wani babban oga, ina murɗa makulli sai ga rubutun nan MAINT REQD, wato wutar sabis da ke tuna maka lokacin sabis ya yi, yana nan daram kamar ban taɓa komai ba. Raina ya ɓaci wallahi. Na kashe na sake tadawa, yana nan. Har na fara zargin ko man da na zuba ne ba mai kyau ba, alhali motar ba ta ma san na zuba wani abu ba, ita dai ƙirga take yi kuma ba wanda ya ce mata ta koma sifili.

Shi ne abin da mutane da yawa ba su gane ba, kuma sai an gane shi sannan maganar zaɓi take yin ma'ana. A yawancin motoci wannan wuta ba ɗanɗana mai take ba. A Toyota irin wadda aka yi wa kasuwar Amurka lissafin tafiya ne zalla, in ka ci mil 4,500 daga ranar da aka goge sai ta fara ƙiftawa na 'yan daƙiƙu duk sanda ka tada, in ka kai mil 5,000, wato wajen kilomita 8,000, sai ta tsaya cak ta ƙi mutuwa. Ko man zinariya ka zuba haka za ta yi. Honda daga wajen 2006 ta ɗan fi wayo, tana duba yadda injin ya juya da zafin da ya sha da irin tafiyar da ake yi da shi sai ta ba ka kaso cikin ɗari na ran mai, in ya sauko 15 hoton sifana ya fito. Motocin GM ma kusan haka lissafinsu yake. Wasu BMW da Mercedes ne ke da sensa a gindin inji da take auna yanayin man da gaske, su ma ɗin sai an gaya musu an yi sabis. Kenan goge wutar kamar sa hannu ne, kana ce wa kwamfutar mota an yi aiki, fara sabon ƙirga.

Amma dan Allah kafin ka taɓa komai ka tabbatar wace wuta ce, don nan ne ake yin asarar inji. Ta sabis yawanci ruwan ɗorawa ce ko lemo, hoton sifana ko rubutu. In ja ce mai kama da buta tana ɗigar da mai, wannan ba tuni ba ne, cewa take mai ba ya zagayawa a inji yadda ya kamata, ka gangara gefe ka kashe mota nan take, babu maɓallin da zai gyara wannan. In kuma hoton inji ne, wato cek injin, wannan matsala ce kwamfuta ta gano ta ajiye lambarta, in ma tana ƙiftawa to inji na tsallake wuta ne kuma ɗanyen fetur na iya ƙona katalis, wato abin tace hayaƙi da ke jikin salansa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa kan ta sabis ne kawai.

Toh hanyoyi uku ne a gabanka. Ka yi da maɓallan da ke jikin motar, ko ka sayi sikana, wato na'urar da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari, ko ka bar wa mai gareji.

Ta farkon ita na fi so kuma ita zan fi daɗewa a kai, saboda kyauta ce kuma kamfanonin da kansu suka saka ta, a motoci da yawa ma tana rubuce cikin littafin da motar ta zo da shi, wanda yake kwance a aljihun dashbod ba mai buɗe shi. A Toyota mai makulli, ka murɗa zuwa inda fitilun dashbod suke kamawa ba tare da ka tada inji ba, ka danna ɗan tsinken mita har ya nuna Trip A, wato ƙirgan gajeriyar tafiya, ka kashe, ka danne tsinken ka riƙe, ka sake murɗa makulli kana riƙe da shi, zaka ga wasu 'yan layuka suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya har sifili ya jeru, shikenan ka saki. Ni abin da ya wahalar da ni ranar nan, na yi ya fi sau biyar bai yi ba, ashe tawa tsohuwar ƙira ce da take son a bar mita a kan ODO, wato jimillar tafiyar mota, ba Trip A ba. Abu ɗan ƙarami amma ya ci min rabin awa ina zufa cikin mota. In mai maɓallin tadawa ce sai ka danna shi sau biyu ƙafarka ba ta kan birki, shi ne daidai da murɗa makullin. Sababbin kuwa masu ɗan allo tsakanin mitoci, cikin saitin mota ake shiga da maɓallan sitiyari a zaɓi wurin sabis a amsa eh.

Peugeot irin su 206 da 307 da 406 tasu ma mai sauƙi ce, mota a kashe ka danne maɓallin mita, ka kunna makulli, sai ta fara ƙirga daga 10 tana saukowa, ka riƙe har ta nuna =0 sifanar ta ɓace. Motocin GM da yawa kuwa totur ake takawa har ƙasa sau uku cikin daƙiƙa biyar, makulli a kunne inji a kashe. Wasu Ford birki da totur ake dannewa tare a riƙe sama da daƙiƙa ashirin har allo ya ce an gama. Abin dariya ma tsofaffin Honda Accord na shekarun 1990 wani ɗan rami ne a jikin dashbod, makullin motar ake turawa ciki alamar ta koma kore. Kowane kamfani da nasa salon, har a kamfani ɗaya shekara da shekara sukan bambanta, shi ya sa in ka ga wani ya nuna yadda ya yi a tasa kai kuma taka ta ƙi, kar ka ce mota ta lalace, duba shekarar ƙirarta.

To ina aibin wannan hanya? Yana wurin motocin da ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Ɗauki Honda, in sifana ta fito ba ita kaɗai take zuwa ba, akwai harafi da lamba a gefenta. A juyen mai ne, B juye da filta da duba birki da sauransu, 1 juya tayoyi, 2 filtar iska da ta cikin mota, 3 man giya, 4 fulogi da bel ɗin taimin a injin da ke da shi, 5 ruwan lagireto. Yanzu a ce ta nuna maka B13, kai kuma mai kawai ka canja, ka danne tsinke daƙiƙa goma ya fara ƙiftawa, ka saki ka sake dannewa ya koma 100, a tsofaffin ƙira duk abin da ke kan allon ya tafi tare, har da tunin man giyar da ba ka canja ba, kuma ba zai dawo ba sai wani zagayen mai nisa. Giya kuwa ba ta yafiya. Sababbin sun gyara wannan, suna bari ka zaɓi abin da ka yi kaɗai ka goge, amma in taka tsohuwa ce ka rubuta lambobin a takarda ko ka ɗauki hoton allon kafin ka danna komai.

Volkswagen da 'yan gidansu Audi da Skoda da Seat nasu tarkon daban ne. Suna da tsarin sabis iri biyu, tsayayye na kilomita 15,000 ko shekara ɗaya, da mai sassauci da ke iya kaiwa kilomita 30,000 ko shekara biyu in ana zuba man da aka yi don haka. A ƙira da yawa in ka goge da maɓallin dashbod sai motar ta koma kan tsayayyen, mai sassaucin sai da kwamfuta ake maido shi. Ni a ganina wannan ba asara ba ce, in kana yawan gajeriyar tafiya ko zaman cunkoso ko hanya mai ƙura, gara ma tsayayyen, kilomita dubu talatin a kan mai ɗaya ni dai zuciyata ba ta kwanciya da shi. Amma ya kamata ka san abin da ka canja, kar wata rana ka ga wuta ta dawo da wuri ka ce an cuce ka.

BMW kuwa tun farkon shekarun 2000 kowane abu da agogonsa, man inji daban, takalmin birkin gaba daban, na baya daban, man birki da ake canjawa duk shekara biyu daban, duba mota gaba ɗaya daban. Ana iya shiga ɓoyayyen menu ta tsinken mita a goge ɗaya bayan ɗaya, sai dai wuri ne da hannu ke saurin zamewa ka goge na birki alhali na mai kake nufi, kuma na birkin ma ba ya yarda ya gogu in ba a canja 'yar wayar sensar da ta cinye ba. Mercedes mai Service A da Service B, sifana ɗaya ko sifana biyu, ita ma akwai hanyar maɓallan sitiyari, amma wasu za su tambaye ka irin man da aka zuba, in ka zaɓi ba daidai ba lissafin gaba ya karkace.

Wani kuma zai ce maka cire kan batir kawai ka mayar. Kar ka wahalar da kanka. Ƙirgan sabis a ma'ajiyar da ba ta mantuwa yake ko an ɗauke wuta, abin da zaka samu shi ne agogo ya rikice, rediyo ta nemi lambar sirri a wasu motocin, gilashin ƙofa ya manta yadda yake hawa da kansa, sifana kuma tana nan tana kallonka. Masu liƙe wurin da baƙin salatif kuwa, su ban san me zan ce musu ba.

Sai hanya ta biyu, sikana. Nan ne na taɓa jefar da kuɗina don haka bari in yi bayani da kyau. Kowace mota da aka sayar a Amurka daga ƙirar 1996 tana da soket ɗin OBD2 mai rami 16, yawanci ƙarƙashin sitiyari, a Turai kuma ya zama dole ga masu fetur daga 2001, masu dizal daga 2004. Saboda soket ɗin iri ɗaya ne sai mutum ya ɗauka duk na'urar da ta shiga za ta yi komai. A'a. Abin da doka ta tilasta a daidaita shi ne ɓangaren hayaƙi da inji, wato karanta lambobin matsala irin su P0300 ko P0420 da share su da ganin zafin inji da gudun juyawarsa. Wutar sabis ba ta cikin wannan yarjejeniya, tana zaune a kwamfutar dashbod kuma kowane kamfani da yarensa yake magana da ita. Ni na sayi 'yar ƙaramar nan irin ELM327 mai haɗuwa da waya ta bulutut, na soka, ta haɗu, na ga allura na rawa a wayata ina murna, na danna share, ta ce an share, na ɗaga kai sifana ko gezau. Abin da na share bayanan cek injin ne, wanda ma ba shi na zo yi ba, kuma share shi yana mayar da gwaje-gwajen hayaƙi na motar baya sai ta sake yin tafiya ta kammala su, a ƙasashen da ake gwajin hayaƙi wannan kaɗai na iya sa a ce ka dawo wani lokaci.

Wanda zai yi aikin shi ne sikana da aka rubuta ƙarara tana goge sabis ɗin mai kuma sunan motarka da shekararta na cikin jerin da take ɗauka. Autel da Launch da Foxwell duk suna da irinsu, masu Volkswagen suna da VCDS na kamfanin Ross-Tech da OBDeleven, akwai kuma manhajoji irin su Carly. Ka karanta da kyau kafin ka biya, don wasu na'urar ce mai araha amma aikin da kake so sai ka yi rajistar shekara-shekara a manhaja, wasu kuma sabuntawa kyauta na ɗan lokaci ne daga nan sai biya. Sannan in ka gama ka zare ta, rami na 16 a soket ɗin kullum da wutar batir yake ko mota a kashe, na'ura maras kyau in ta kwana biyu a ciki tana iya tsotse batir.

Gaskiyar magana in don wutar sabis kaɗai zaka sayi sikana kuma motarka Toyota ce ko Honda ko Peugeot, to ka riƙe kuɗinka, yatsanka ya isa. Inda take biyan kanta shi ne in kai ne mai yi wa motarka aiki da gaske, ko gidanku motoci biyu uku ne, ko motarka irin ta Jamus ce. Don na'urar da ke goge sabis yawanci ita ce ke buɗe birkin hannu na lantarki in za a canja takalmin baya, ita ke yi wa sabon batir rajista a motocin da ke buƙatar haka irin BMW, kuma ita za ta nuna maka lambar matsala kafin ka je gareji ka tsaya ana maka bayanin da ba ka da hanyar tantancewa. Wannan na ƙarshen shi ne amfanin da ni na fi ji, har 'yar ƙaramar da na ce na jefar da kuɗi, daga baya ta yi min rana a nan.

Hanya ta uku, bakanike. In shi ya yi juyen to goge wutar cikin aikinsa ne, ba alfarma ba ce, kuma ba abin da za a caje ka daban ba ne a mota mai sauƙi. Suna mantawa sosai, musamman wuraren da ake juye cikin sauri mota na bin mota. Kafin ka bar wurin ka tada mota a gabansa, in tana nan ka ce malam ga wutar nan ba a kashe ba, minti ɗaya ne. Akwai kuma kishiyar haka da ta fi muni, a goge wuta ba a yi aikin ba, ko a yi rabi. Wutar da ta mutu ba shaida ba ce, zaro ma'auni ka ga kalar man, ka leƙa filta ka ga sabuwa ce, ka nemi a nuna maka tsohuwar da aka cire. Haka in zaka sayi mota hannu na biyu, dashbod mai tsabta ba ya nufin komai tunda kai ma yanzu ka san daƙiƙa goma ake yi a goge.

Amma akwai inda ni kaina ba zan yi jayayya ba, gareji zan nufa. Na ɗaya mota mai garanti. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ya soke garanti don kawai ba a wurinsu aka yi sabis ba, Turai ma akwai ƙa'ida mai kama da ita, sai dai in inji ya samu matsala za a nemi shaidar an yi sabis kan lokaci da man da ya dace, kuma kamfanoni irin su Mercedes da BMW da Mazda sun koma ajiye tarihin sabis a kwamfutarsu maimakon littafin da ake buga wa hatimi. Goge wuta a dashbod ba ya rubuta komai a can. Ranar da zaka sayar da motar wannan giɓin zai fito. Na biyu dizal na zamani mai matatar hayaƙi ta DPF. Irin wannan injin in yana ƙona baƙin hayaƙin da ya taru a matatar, ɗan dizal na zurarewa cikin baƙin mai, kwamfuta kuma tana lissafin yawansa, to a wasu motocin, Mazda mai dizal misali, bayan juye akwai bayanan mai na kwamfutar inji da ake mayarwa sifili ban da tunin da ke allo. In ba a yi ba motar na ci gaba da ɗauka tsohon mai ne a ciki ta dinga kunna maka wuta. Wasu ana iya yi da hannu, amma in ba ka tabbatar da matakan ba gara mai na'ura ya yi.

Sai tambayar da na san tana ran wasu, wai in goge yanzu in yi juyen wata mai zuwa in kuɗi sun shigo. Ni ban ba da shawara ba, ba don mota za ta fashe gobe ba, sai don mutum mai mantuwa ne, wata ɗaya ya zama huɗu, kuma daga ranar ƙirgan ya goce kenan, a mota irin Honda ma ka lalata lissafin da take yi na ran mai. Bar ta tana ci, ba ta rage wa inji ƙarfi, ido kawai take damu. Inda ake da uzuri shi ne Toyota masu shan baƙin mai samfurin 0W-20 na sintetik da kamfani ya ce juyensu sai mil 10,000, ita wutar duk da haka tana zuwa a 5,000 don juya tayoyi da duba ruwaye, to a nan in ka juya tayoyin ka duba abin dubawa ka goge abinka, man sai zagaye na gaba. Matsalar kawai ka tuna wane zagaye kake, na taya ko na mai.

Ni yanzu yadda nake yi, juye da gogewa rana ɗaya, kafin ma in wanke hannu. In na goge sai in kashe mota in sake tadawa in tabbatar ba ta dawo ba, don wani lokacin sai ka ga kamar ta karɓa ashe ka saki tsinke da wuri. Daga nan in ɗauki hoton mita da lambar kilomita, in ɗauki hoton galan ɗin man da kwalin filta da rasit, in rubuta kwanan wata da kilomitan a ɗan littafin da nake ajiyewa cikin aljihun dashbod, a shafin farkonsa kuma na rubuta wa kaina da manyan baƙi: a bar mita kan ODO.